'Ya'yana, Ku Riƙe Abin Da Ke Hannunku

'Ya'yana, samari da 'yan matan Ƙofar Jatau da sauran unguwannin cikin ganuwar Zariya. Ina so mu yi magana a kan wasu kaya da ke jibge a gidajenku, waɗanda da yawanku ba ku ɗauke su a bakin komai ba. A ƙarƙashin gado, ko a saman durowa, ko cikin tsohon akwatin ƙarfe a ɗakin shirgi, akwai kaset-kaset na rikoda da na bidiyo, da faya-fayan CD, wani gidan ma har da manyan faya-fayan garmaho. Duk ranar da aka tashi gyaran gida gabanin sallah, ko aka zo rabon gado, su ake fara fitarwa a miƙa wa 'yan jari-bola, ragowar kuma yara su zare zarensu suna ja a lungu. Ina roƙonku ku dakata da wannan.

Na san amsar da ke bakinku: "Baba, ai yanzu komai yana cikin waya." Ba komai ba ne, ɗana, ko kusa ma.

Ɗauki Alhaji Mamman Shata. Ya rasu a 1999, bayan ya shafe fiye da rabin ƙarni yana waƙa, kuma an sha ruwaito cewa shi da kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Wasu an ɗauke su a gidan rediyo, wasu kamfani ya buga su a faifai. Amma akwai tarin da aka ɗauka a filin biki ko a ƙofar gidan wani attajiri, wani mai sha'awa ya ajiye rikodarsa kusa da masu kalangu ya danna jan maɓalli. Irin wannan ɗauka sau da yawa kwafi ɗaya ne tak a duniya. Idan yana cikin akwatin gidanku kuka ba mai jari-bola, to waƙar ta tafi ke nan, babu Farfesan da zai dawo da ita. Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Samaru ta ba Shata digirin girmamawa na Dakta a 1988. Jami'a ta ga darajar abin da ya fito daga bakinsa, bai kamata mu da muke maƙwabtanta mu riƙa auna shi a sikeli tare da tsohon kwano ba. Haka zancen yake a kan Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, da Ɗan Anace, da Ɗanmaraya Jos da ya rasu a 2015, da Barmani Coge. Shi kuwa Narambaɗa, abin da ya iso gare mu na muryarsa kaɗan ne ƙwarai a kan abin da ya rera, domin ya bar duniya tun kafin rikoda ta shiga hannun talaka.

Mu Zazzagawa muna da namu na gida. Malam Aliyu Namangi, mai waƙar Imfiraji, a garin nan ya rayu har ya rasu a 1990. Baitocinsa an buga su a takarda, alhamdu lillahi, ba za su ɓace da sauƙi ba. Amma takarda ba ta riƙe murya, ba ta nuna inda ake ja da inda ake sassautawa. Wanda yake da tsohon kaset na yadda ake rera ta a da, yana riƙe da rabin da littafi bai ɗauka ba. Ga kuma marigayi Ƙasimu Yero, ɗan garin nan, da wasanninsa na talabijin a Kaduna, irin su Karambana da Magana Jari Ce. Gidaje da dama sun naɗi waɗannan shirye-shirye a kaset ɗin bidiyo lokacin da ake nuna su. Kada ku ɗauka cewa tunda gidan talabijin ne ya yi, lallai yana da ajiya. A ƙasashe da yawa, har da Ingila, gidajen rediyo da talabijin sun sha goge tsofaffin shirye-shirye don su sake ɗaukar wasu a kan zaren, saboda tsadarsa, daga baya suka koma suna cigiya wajen mutanen da suka naɗa a gida.

Amma abin da ya fi taɓa mini zuciya ba na shahararru ba ne. Kafin wayar salula ta zo Nijeriya a 2001, idan mutum yana da ɗa a Makka ko Sudan ko Kumasi ko Ikko, kuma tsohuwa ba ta iya rubutu ba, sai a zaunar da ita gaban rikoda ta yi maganarta. Ta gaishe shi, ta faɗa masa wanda ya haihu da wanda ya rasu, ta yi masa faɗa a kan daɗewa, ta sa masa albarka. A naɗe kaset ɗin a ba matafiyi. Shi ma ya aiko da nasa. Na taɓa zama a wani gida a unguwar nan bayan rasuwar maigidan, 'ya'yansa suna tantance kayansa. Aka ci karo da wani kaset mai ɗan tsagewa a gefe, an rubuta a jikinsa da ajami, da jan biro: saƙon Inna. Aka aro rikoda a maƙwabta aka saka. Da farko sai shuuu, sai kukan zakara daga nesa, sai ƙarar taɓarya, sannan muryar tsohuwar da ta rasu shekaru masu yawa ta fito tana kiran sunayen jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda take kira ɗin suna zaune a wurin, wasunsu da furfura. Babu wanda bai share hawaye ba. Wane shafin intanet ne zai ba ku wannan?

Haka kaset ɗin bikin iyayenku, da na walimar saukar yayanku, da karatun wani malamin zaure da almajirinsa ya ɗauka, da hawan sallah na zamanin Sarki Shehu Idris, wanda ya yi shekara 45 a gadon sarauta daga 1975 zuwa 2020. A cikin irin wannan bidiyo za ku ga fuskokin mutanen da suka shuɗe, da gine-ginen ƙasa da aka rushe aka yi na bulo, da irin ɗinkin da aka daina yi.

Finafinan Hausa ma haka. An fara wannan harka ta bidiyo a Kano da Turmin Danya a 1990, kuma a kaset aka gina ta gaba ɗaya, daga Ki Yarda Da Ni zuwa Sangaya da Wasila da finafinan marigayi Ibro na farko. Je ka nemi da yawa daga cikin finafinan wancan lokaci a YouTube. Wasu babu su sam. Waɗanda ke akwai, wani ne ya kwafo daga kwafin kwafi, hoto dishi-dishi, an yanke farko ko ƙarshe, ga tambarin mai shafin ya rufe fuskar jarumi. Wanda ya ajiye na asali a cikin kwalinsa, da hoton bango da sunayen waɗanda suka yi aikin, shi ne yake da fim ɗin.

To, ko abin da yake cikin wayar ma, na wane ne? Ku yi tunani a kan wannan da kyau. Magidancin da ya cika rumbunsa da wanda yake zuwa awo kullum duk suna cin tuwo, amma ranar da kasuwa ba ta ci ba ake gane bambancinsu. Kallo da saurare ta intanet awo ne: kullum sai ka sayi data, kuma abin yana hannun wani. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka bi da wasu sassa na Katsina da Sakkwato da jiharmu ta Kaduna, aka yi makonni babu sabis. A shekarar 2021 ɗin dai gwamnati ta rufe Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Su kansu kamfanonin ba su da tabbas. A 2019 wani shafi mai suna MySpace ya sanar cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora a kansa daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta wajen sauya ma'ajiya, kimanin miliyan 50. A 2009 kamfanin Amazon ya shiga na'urorin karatu na mutane daga nesa ya goge wasu littattafan George Orwell da suka riga suka saya, ya mayar musu da kuɗinsu ba tare da ya nemi yardarsu ba. Babu kamfanin da zai iya shigowa ɗakinka ya ɗauke faifan da ke kan kanta.

Ita wayar kanta kun fi ni sanin halinta. A ƙwace ta a hanya, ta faɗa bokitin wanki, ta ɗauke wuta ta ƙi tashi. Memori kuma ana sayar da jabu da yawa: a rubuta babban adadi a jiki, ka yi ta zuba kaya, ashe na baya yana cinye na farko, ranar da ka buɗe ka tarar babu abin da ke buɗuwa.

A Amurka, inda intanet ya wadata, a 2022 an sayar da manyan faya-fayan garmaho fiye da CD, karo na farko tun 1987, kuma matasa na cikin masu saye. Ban kawo wannan don mu kwaikwayi Turawa ba. Na kawo ne don ku san cewa wanda ya ajiye tsohon faifai ba baƙauye ba ne.

Yanzu bari in zo kan daɗin abin, don ba adana kaɗai nake kira ba. Kaset yana koya wa mutum haƙuri. Ka zaɓo shi da hannunka, ka karanta abin da ke bayan kwalin, ka saka, ka zauna. Tsallake waƙa wahala ne, saboda haka sai ka bar ta ta tafi yadda mai ita ya tsara. A nan ne za ka ji abin da mai gaggawa ba ya ji: yadda 'yan amshi ke karɓa kafin ubangidansu ya sauke numfashi, yadda kalangu ke faɗin maganar da baki bai faɗa ba, yadda ake gina zambo a hankali har ya sauka a kan mai shi. Waƙar fada ko ta noma ko ta dambe ba a yi ta don a yanko daƙiƙa 30 a ɗora a TikTok ba. Idan gefe ɗaya ya ƙare, rikoda ta yi ƙas, kafin a juya sai wani dattijo a zauren ya ce, "Kun san wanda ake nufi da wancan habaicin?" Daga nan tarihi ya ɓalle: wane basarake ne, me ya haɗa shi da ɗan'uwansa, wane gari ake nufi. Mu haka muka san abubuwa da yawa da ba a koya mana a aji ba.

Kallon fim ma a tsakar gida ake yi, an shimfiɗa tabarma, an fito da talabijin bakin ƙofar ɗaki, uwa da 'ya'ya da yaran maƙwabta. Abin da ba a iya kallo gaban uwa, ba ya shigowa gidan tun farko. Yau kuwa sai ka shiga gida ka tarar da mutum shida a ɗaki ɗaya, kowa ya toshe kunne da iyafis, kowa ya sunkuya a kan tafin hannunsa, a yi sallama babu mai amsawa. Wannan yana damuna ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Ina so ko da dare ɗaya ne a mako, bayan sallar isha'i, ku ajiye wayoyi ku saka abu ɗaya kowa ya ji ko ya gani tare, ku kira Hajiya ta zauna a tsakiya.

Ba kuma cewa nake duk abin da ke cikin akwati alheri ne ba. Akwai na batsa da na cin mutuncin mutane, waɗannan ba abin gado ba ne. Akwai kuma gidajen da ba a sauraren kiɗa bisa fahimtar malamansu, ina girmama hakan. Su ma suna da abin adanawa: tafsirin Shaikh Abubakar Gumi da Rediyon Kaduna ta daɗe tana watsawa, da na Shaikh Ɗahiru Bauchi, da karatuttukan Shaikh Ja'afar, da ƙira'o'i, da waƙoƙin bege marasa kiɗa. Wanda ba ya son wani kaset, ya ba mai so, kada ya ƙone.

Kula da su ba wuya. Abokan gabansu zafi ne da danshi da ƙura. Kada a bar kaset a rana ko cikin mota, kada a ɗora shi a kan lasifika, domin maganaɗisun da ke ciki yana cin sautin. Zariya gari ne mai ruwa, a watan Agusta bangon ƙasa yana jiƙa, saboda haka a ɗaga akwati daga ƙasa, a raba shi da bango, a riƙa dubawa saboda gara. Idan kun ga fari-fari kamar gari a jikin zaren bidiyo, fumfuna ce, kada ku saka shi a na'ura sai an goge, in ba haka ba zai ɓata kan na'urar ya shafa wa sauran. A jera su a tsaye cikin kwalayensu. A saman kowane kaset na rikoda akwai 'yan ƙananan harsuna biyu na roba; ku ɓalle su, daga nan ba wanda zai yi kuskuren ɗaukar wani abu a kai. Idan zare ya saki, a zura biro a ramin a naɗe a hankali. Idan ya tsinke, a kwance ƙusoshin, a haɗa bakin biyu da ɗan siririn salatif ta bayan zaren. Abin da za a rasa bai wuce kalma ɗaya ko biyu ba. Rikodar da sautinta ya dushe yawanci kanta ne ya yi datti, ɗan auduga da sifirit sun wadatar. Wadda take jan murya kuwa bel ɗinta ne ya saki, tsofaffin masu gyaran rediyo sun san wannan sarai. Faifan CD a riƙe shi ta gefe, a goge da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Ku sani kuma faifan da aka kwafa a shago bai kai na kamfani ƙarko ba, shi ya kamata a fara ceto.

Na'urar bidiyo kuwa, wanda yake da mai aiki ya riƙe ta da kyau. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera ta, ya daina tun 2016.

A nan ne nake buƙatarku, ku masu ilimin zamani. Zare ba ya dawwama, komai kula. Ku sami wayar da ke haɗa rikoda da kwamfuta, ku sauke manhajar Audacity, kyauta ce, ku juye sautin. Ku rubuta sunan mai magana ko mai waƙa, da wuri, da shekara in an sani, tun masu sanin suna raye. Ku yi kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash ko babbar ma'ajiya, ɗaya a wani gidan daban, wajen ɗan'uwa a Tudun Wada ko Kaduna, saboda gobara da ɓarawo. Bayan an juye kada a yar da na asali. Idan kuka ga abin da kuka samu ya fi ƙarfin gida ɗaya, ku tuntuɓi masu nazarin Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello, ko Gidan Arewa a Kaduna inda ake adana kayan tarihi.

Sai dai akwai haƙƙi, kuma dole in faɗa. Juye kaset ɗin gidanku don kada ya lalace daban, kwafar aikin mutum mai rai kana rabawa ko sayarwa daban. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta taɓa zama cibiyar kaset da faifai ta Arewa gaba ɗaya, 'yan kasuwa daga Nijar da Ghana da Kamaru suna zuwa sari. Satar fasaha ta fara raunata ta, sannan masu tura finafinai a waya da 'yan kuɗi kaɗan suka ƙarasa ta. Mutum ya sayar da filinsa ya yi fim, washegari yana cikin memorin kowa, shi ko sisi bai gani ba. Wannan zalunci ne, ko da kowa yana yi. Idan kana son aikin mawaƙi ko mai fim, ka kalla a tasharsa ta gaskiya, ka saya inda yake sayarwa.

Game da wayar da za ku saya kuwa, maganata gajera ce. Kafin ka nufi kasuwa, ka tambayi kanka aikin da za ta yi maka. Ɗalibi yana buƙatar mai riƙe caji da wurin ajiye littattafai. Tela da mai sayar da atamfa suna buƙatar mai ɗaukar hoto da kyau. Tsohuwa tana buƙatar ƙarama mai manyan lambobi da tocila da rediyo, wadda ke kwana uku ba a yi caji ba. Babu ɗayansu da ke buƙatar cin bashi ko sayar da akuyar uwarsa don abokai su ga sabuwar fitowa. Wadda ke hannunka, in gilashi ne ya fashe ko batir ya gaji, a gyara. Ke kuma 'yata, duk ranar da za ki kai waya gyara, ki cire memori da layi, ki kwashe hotunanki tukuna. Mutuncin gidaje da yawa ya zube ta wannan ƙofa. Kuma kowane gida ya ajiye ƙaramar rediyo mai batir, domin ita ba ruwanta da data ko ɗaukewar wuta.

Abu na ƙarshe da nake nema a wurinku shi ne ku ma ku tara naku. Wayar da ke aljihunku ta fi duk rikodar da iyayenku suka taɓa riƙewa iya ɗaukar murya. A gidajenku akwai tsofaffin da suka ga zamanin Sarki Ja'afaru da na Sarki Aminu, waɗanda suka san waƙoƙin daɓe da na niƙa da tatsuniyoyin da ba a rubuta ba, suka san asalin gidanku da inda kakanninku suka fito. Ku nemi izininsu, ku zauna kusa da su da ladabi, ku yi tambaya ku yi shiru su yi magana. Ku rubuta suna da rana, ku fitar da shi daga wayar ku ajiye a wuri uku kamar yadda na faɗa. Kada ku ce sai an yi hutu ko sai bayan sallah. Ku fara da wanda ya fi tsufa a gidan, cikin makon nan. Allah ya yi muku albarka, ya jiƙan magabatanmu.